Mitar gidan Kawu: yadda yunit 240 suka koma 398

Kawu ya kira ni da yamma, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Ɗana, an liƙa mini ɓarawo a jikin bango." Sabuwar mitar wuta yake nufi. Makonni shida ke nan da ma'aikatan kamfanin wuta suka zo suka cire tsohuwar mai faifai, wadda ta girmi wasu daga cikin 'ya'yansa, suka kafa ta zamani mai allon lambobi. A zamanin tsohuwar, gidan na cin wajen yunit 240 a wata, wani lokaci ya ɗan haura, wani lokaci ya ɗan sauka. Da sabuwar ta cika kwana 30 a bango sai takarda ta zo da yunit 398. Mutanen gida ba su ƙaru ba, yanayi bai juya ba, kuma a cewarsa ko allura mai aiki da lantarki bai ƙara ba. Abu ɗaya ne ya canja, wato mita, saboda haka ita ce mai laifi.

Ban ga baikensa ba. Ƙarin yunit 158 ne, kusan kashi 66 cikin 100, kuma ya zo a watan da aka yi canjin. Kowa ne ma haka zai zata. Amma na roƙe shi kada ya rubuta takardar ƙorafi tukuna, ya ba ni kwana uku. Na tafi da abubuwa huɗu: ƙaramar na'urar auna wat da ake sokawa a soket, na'urar auna ƙarfin wuta, ma'aunin zafi, da agogon da ke cikin wayata.

Abin da aka fara dubawa

Na fara da takarda kafin na taɓa wani makunni, domin rigingimun mita da yawa a nan suke mutuwa. Kowace mita tana da lambarta a fuska, kuma lambar tana kan takardar kuɗin wuta. A gidajen haya masu sassa da yawa, inda mitoci ke jere a bango ɗaya, yakan faru a rubuta wa mutum mitar maƙwabcinsa, ya yi ta biyan wutar da bai sha ba. Na Kawu sun yi daidai. Sannan na duba ko karatun na gaske ne ko ƙiyasi, na ga na gaske ne. Na duba karatun da aka buɗe sabuwar mitar da shi, na duba ko an haɗa lambobin bayan ɗigo da na gabansa wajen kwafa, wanda shi ma kuskure ne da ke ninka lissafi sau goma. Babu ko ɗaya. Abin da allon mitar ya nuna a ranar ya yi daidai da gida mai cin yunit 13 da ɗoriya kowace rana. Takarda dai ba ta yi wa mita ƙarya ba. Saura a ga ko mitar ce ke yi wa gidan ƙarya.

Yunit ɗin da ake magana a kai shi ne kWh: wat 1,000 na aiki na tsawon awa ɗaya. Tsohuwar mitar Kawu tana ƙirga shi ne da faifan alminiyom da wutar ke juyawa, maganaɗisu kuma yana riƙe da shi kada ya zarce. Irin wannan ƙira ta samo asali ne daga aikin injiniya Ottó Bláthy na ƙasar Hangari a 1889, kuma ana kiranta da sunan Galileo Ferraris, masanin Italiya. Sabuwar ba ta da abin da ke juyawa. Tana auna ƙarfin wuta da yawan wutar da ke wucewa sau da yawa a cikin daƙiƙa, ta ninka su, ta tara. A madadin faifai tana da ɗan jan haske mai ƙiftawa, kuma a gefensa an rubuta 1000 imp/kWh. Ma'anarsa, ƙiftawa 1,000 ita ce yunit ɗaya. Wasu mitocin 1600 ne, wasu 3200, don haka dole mutum ya karanta tasa. Wannan ɗan hasken da mutane ke ɗauka ado ne, da shi masu gwajin mita ke aiki, kuma duk binciken da muka yi a kansa ya rataya.

A fuskar mitar akwai lamba 1 a cikin da'ira. Ajinta ke nan a ƙa'idar mitoci ta ƙasa da ƙasa, IEC 62053-21: kuskurenta bai kamata ya wuce kashi 1 cikin 100 ba a yanayin aiki na yau da kullum. Mai lamba 2 an yarda mata kashi 2. A Turai haruffa ake sakawa, A da B da C. A Ingila, mitocin da aka amince da su a tsohuwar dokar ƙasar an ba su damar wuce gaskiya da kashi 2.5 ko su gaza da kashi 3.5. Na ce wa Kawu, "Idan mitarka ta yi iyakar kuskuren da aka yarda mata, yunit 4 ne a cikin 398. Mu kuwa 158 muke nema. Ko dai ta lalace ƙwarai, wanda gwajin gida zai tona, ko kuma wutar da gaske ake shanta."

Ya ce, "Wa ke shanta? Aljanu?"

Gwajin shiru

Muka sauke babban makunnin gidan. Komai ya mutu, sai mitar kaɗai da allonta, domin ita tana gaban makunnin. Na tsaya ina kallon jan hasken minti goma cur, bai ƙifta ba ko sau ɗaya. Minti goman ba don ado ba ne. A mita mai 1000, abin da ke jan wat 6 kacal zai sa ta ƙifta sau ɗaya a minti goma, don haka shirun ya nuna ko da akwai wani abu da ke tsotsa, bai kai wat 6 ba. Wanda ya kalla na rabin minti ya ce ya gwada, bai gwada komai ba.

Da ta ci gaba da ƙiftawa alhali an kashe gida, abu uku ne zan zarga. Ko mitar ce ke ƙirga iska, ko wani ya ja waya tsakanin mita da babban makunni, ko kuma an haɗa wayar nutural ta gidan, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, da ta maƙwabci. Wannan na ƙarshen ba kowa ya san shi ba: wasu mitocin zamani suna auna wutar da ke bin waya mai wuta da wadda ke bin nutural duka, su yi lissafi da wadda ta fi yawa, don maganin masu satar wuta. Idan nutural ɗin sassa biyu ta haɗu a bayan mitoci, wutar wani sashe na iya bi ta mitar ɗaya sashen a ƙirga masa. Gidan Kawu bai faɗa cikin ko ɗaya ba.

Butar shayi ta zama ma'auni

Gwaji na biyu shi ne a ɗora wa mitar kayan da aka san nauyinsa, a ga abin da za ta ce. Zaɓen kayan yana da muhimmanci. Dutsen guga bai dace ba, domin yana ɗauke wuta da kansa idan ya yi zafi, ya dawo idan ya huce. Firji da fanka ba su dace ba, domin masu inji ne, kuma abin da aka rubuta a jikinsu ba shi ne abin da suke ja a kowane lokaci ba. Butar dafa ruwa ta lantarki ta fi kowa: daga kunnawa har ruwa ya tafasa kusan abu ɗaya take ja. Ta gidan an rubuta mata wat 2,000 a bolt 230.

Na ɗaga babban makunni, na bar bireka ɗaya tak a sama, wato ƙaramin makunnin da ke kula da layi ɗaya, ta soket ɗin kicin, na zare firji da duk abin da ke kan layin. Aka zuba ruwa lita ɗaya da rabi, na soka butar ta cikin na'urata, jikar Kawu ta kunna, ni kuma ina gaban mita. Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi a nan: ƙiftawar da ka danna agogo a kanta sifili ce, ba ɗaya ba. Ta gaba ce ɗaya. Na ƙirga 50, agogo ya nuna daƙiƙa 102.

Lissafin ba shi da wuya. A mita mai 1000, ka ninka adadin ƙiftawa da 3,600, ka raba da daƙiƙoƙin da suka wuce, abin da ya fito shi ne wat. Mai 1600 zai yi amfani da 2,250 a madadin 3,600, mai 3200 kuma 1,125. Namu ya ba da wat 1,765.

Kawu ya leƙo ya ce, "To ai ga shi nan! Buta ta ce 2,000, mita ta ce 1,765. Ban ce maka ba ta da gaskiya ba?"

Na ce, "Kawu, in haka ne ai rage maka take yi, ba ƙari ba."

Ya yi shiru. Amma ba ragin ba ne ma. Na auna ƙarfin wutar gidan a lokacin da butar ke aiki, na samu bolt 215, ba 230 ba. Abin da kayan dumama ke ja yana sauka da ninkin saukar ƙarfin wuta: ka raba 215 da 230, ka ninka abin da ya fito da kansa, ka samu wajen 0.874. Wat 2,000 sun koma 1,748 ke nan. Na'urar da ke soket kuwa ta nuna 1,752. Shaidu uku: lissafi 1,748, na'ura 1,752, mita 1,765. Tazarar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma rabin daƙiƙa na jinkirin yatsana a kan agogo ya isa ya haifar da rabin wannan tazarar.

A nan ne nake ganin yawancin masu gwajin gida ke ɓata. Suna ɗaukar rubutun jikin buta kamar hukuncin alƙali, alhali ƙa'idar kayan lantarkin gida ta yarda kayan dumama irin wannan su wuce abin da aka rubuta da kashi 5, ko su gaza da kashi 10, tun kafin a zo maganar hawa da saukar ƙarfin wuta. Ƙaramar na'urar soket ita ma tana da nata kuskuren. Wato ma'aunanka na gida duk sun fi mitar da kake tuhuma rauni. Gwajin gida ba zai taɓa tabbatar da cewa mita ta kauce da kashi 2 ba. Abin da zai iya, kuma ya iya shi sosai, shi ne ya nuna ko ta kauce da kashi 20 ko 60. Da mitar Kawu na ƙara kashi 66, da ƙiftawa 50 ɗin nan sun cika a daƙiƙa 62, ba 102 ba. Wannan ko makaho ya laluba zai ji bambanci.

Tun da buta na kan wuta, na ƙara wani gwajin da ba ya bukatar na'urar lantarki ko ɗaya, don Kawu ya ga ba na'urata na ce ya yarda da ita ba. Muka sake zuba sabon ruwa lita ɗaya da rabi, zafinsa digiri 26. Ɗaga zafin lita ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin wajen kashi 1.16 cikin 1,000 na yunit, wato ƙiftawa ɗaya da ɗan ɗori. Daga 26 zuwa tafasa, lita ɗaya da rabi na bukatar abin da ya kai ƙiftawa 129 idan babu asarar zafi ko kaɗan. Asara kuwa dole ce: jikin buta na ɗumi, tururi na fita, kuma butar ba ta ɗauke wuta nan take da ruwa ya fara ɓararraka. Jikarsa ta ƙirga da bakinta, buta ta kashe kanta a kan 146. Daidai da abin da ake tsammani. Da mita mai cuta ce, da ta kai mu wajen ƙiftawa 240.

Sauran gwaji ɗaya da ban so in tsallake ba. Mita na iya yin gaskiya a kan buta ta kauce a kan ƙananan kayan zamani, domin su ba sa jan wuta sumul, a fizge suke janta. A wani aikin da aka bayyana a 2017, masu bincike a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan, ƙarƙashin Farfesa Frank Leferink, sun gwada mitocin zamani 9 a ɗakin gwaji, 5 daga ciki suka ba da karatun da ya wuce gaskiya, har a wani haɗin aka samu ƙarin kashi 582 cikin 100, biyu kuma suka gaza da wajen kashi 30. Mafi munin sakamakon ya fito ne inda aka haɗa fitilu masu tsimin wuta da LED da makunnin rage haske. Gidan Kawu babu irin wannan makunnin, amma na tara talabijin da cajojin waya da fitilun LED a kan soket mai baki da yawa, na bi da su ta na'urata. Ta nuna wat 120. Mita ta ƙifta sau 10 a daƙiƙa 296, wato wat 122. Nan ma ba ta da laifi.

Zuwa la'asar na wanke mitar. Kawu bai ji daɗi ba, kuma na fahimce shi, domin wanke mita bai rage masa yunit ko ɗaya ba.

Ina wutar ke zuwa

Ruwa ba ya tsami banza. Idan mita gaskiya take faɗa, to akwai abin da ke cin yunit 5 da ɗoriya kullum wanda da ba ya ci. Akwatin birekokin gidan na da guda takwas, biyar an rubuta musu suna da biro ya dushe, uku babu komai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, in ɗaga wannan in kalli mita, in sauke in ɗaga na gaba. Duk abin da na gani na san mai shi: fankoki, fitilu, firji. Uku marasa sunan ba su ja komai ba. Na ɗauka layukan ajiya ne, na wuce. Kuskurena ke nan na ranar farko.

Inna, matar Kawu, ita ta fara kawo haske. Tana jin muna lissafa kayan gida ta ce, "Malam, firizar da yarinyar nan ta kawo fa? Ai a satin da aka canja mita ta iso." Kawu ya ce wannan ai 'yar ƙarama ce. A idonsa kyauta ce, ba sayayya ba, shi ya sa bai saka ta cikin abin da ya ƙaru ba. Na soka mata na'urata na bar ta awa 24: yunit 1.3. A wata, 39. An samu kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake nema.

Firizar ta ba ni damar nuna masa wani abu. Wani mai gyaran wuta ya taɓa zuwa masa da na'urar nan mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙalawa a waya, ya ninka amp, wato yawan wutar da ke wucewa, da bolt, ya ce lissafinsa bai yi daidai da mita ba. Ba zai yi ba. A kayan da ke da inji, amp sau bolt ya fi ainihin wat ɗin da ake ci, domin wani ɓangare na wutar kai-komo kawai yake yi tsakanin inji da layi. Mitar gida ainihin wat take ƙirgawa. A buta lissafin biyu kan haɗu, a firiza ba sa haɗuwa.

Sauran wajen yunit 4 a rana. Tun da rana ta ƙi nuna su, na koma ga dare, lokacin da kayan da ke aiki ba su da yawa kuma an san su. Ƙarfe 11 na dare muka rubuta karatun mita har da lambobin bayan ɗigo, ƙarfe 6 na safe muka sake rubutawa. Firji, firiza, fanka biyu, fitilar waje da ƙananan kayan da ba a zarewa, a ƙiyasina duka wajen wat 290 ne a matsakaici, wato yunit 2 a awa bakwai. Mita ta ce 3.1. Akwai mai cin yunit 1.1 a cikin dare yayin da kowa ke barci, kuma ba ya ci a jere, tun da na duba da rana ban gan shi ba. Abin da ke kunna kansa ya kashe kansa, to akwai ma'aunin zafi ko na ruwa a jikinsa.

Dare na biyu na sauke birekoki ukun nan marasa suna, na ce duk wanda ya ga wani abu ya daina aiki ya faɗa. Ba wanda ya ga komai. Da safe karatu ya nuna 2.0. Na sauke sauran biyar ɗin, na ɗaga ta shida: shiru. Na ɗaga ta bakwai, sai jan hasken ya kama ƙiftawa kamar ana korarsa, kusan kowace daƙiƙa 2.7. Wat 1,300 da ɗan ɗori.

Na ce, "Kawu, akwai hitar ruwa a gidan nan?"

Ya ce akwai ɗaya a banɗakin ɗakin baƙi, amma an fi shekara uku ba a kunna ta ba. Ɗakin ya zama ma'ajiyar kaya, a kulle yake. Da aka buɗe, ɗumi ne ya fara tarbar mu. Hita ce mai lita 50, wat 1,500 a rubuce, wanda a bolt 215 ya koma wajen 1,310, daidai da abin da mita ta nuna. Makunninta na bango a kunne yake tun da can, domin da birekar aka kashe ta. A ranar da aka canja mita, ma'aikatan sun sauke birekoki duka don su yi aiki, da suka gama suka ɗaga duka takwas ɗin. Ba su da hanyar sanin cewa ɗaya da gangan aka bar ta a ƙasa. Faɗuwa ta zo daidai da zama: ranar da mita ta fara ƙirga, ranar hita ta farka.

Sai dai hitar da ba a ɗibar ruwanta ba za ta ci yunit 4 a rana ba. Asarar zafi ta jikinta wajen yunit ɗaya ce. Ragowar tana wurin famfon ruwan zafi, wanda robarsa ta cinye, yana zubar da siririn ruwa kamar zare kai tsaye cikin magudana, ba ƙara, ba jiƙa ƙasa. Na tara kwalba mai lita ɗaya, ta cika a minti 24. Lita 60 ke nan a yini. An saita hitar a digiri 65, ruwan da ke shigarta kuwa 25 ne, tazarar digiri 40. Dumama lita 60 da digiri 40 yana cin yunit 2.8. A haɗa da asarar jiki, an doshi 3.8 zuwa 3.9. Wato hitar na aiki kamar awa uku a yini, a gutsuttsure, sauran lokacin tana kwance. Da na bi birekoki a ranar farko na same ta ne a ƙoshe. Daren da ta kwana a kashe ruwan ya huce, shi ya sa da safe ta kama ci nan take. Yoyon kuwa ya daɗe, amma muddin hitar na kashe ruwa kawai yake ɓatawa.

Muka haɗa lissafi a bayan takardar: tsohon cin gida yunit 8 a rana, firiza 1.3, hita 3.9. Jimla 13.2. Takarda ta ce 398 a kwana 30, wato 13.3.

Da a ce mitar ta faɗi gwaji

Kawu ya tambaye ni me za mu yi da a ce buta ta kama ta da laifi. Abu na farko, ba za mu taɓa ta ba. Mita kayan kamfani ce, tana da hatimi, wanda ya ɓalle shi ya mayar da kansa abin tuhuma ko da gaskiya na gefensa, ban da cewa wayoyin da ke shigarta suna da wuta ko an kashe babban makunni. Da za mu ɗauki hoton allonta kullum a lokaci ɗaya, mu yi bidiyon ƙiftawar tare da agogo, mu rubuta ƙorafi da kwanan wata da lambar mita, mu nemi a gwada ta. Kamfanoni kan yi haka ta hanya biyu: su jera mata wata mitar da aka tantance a layi ɗaya na wasu kwanaki a kwatanta karatunsu, ko su cire ta su kai ɗakin gwaji. A wurare da dama mai ƙorafi ne ke ɗaukar nauyin gwajin idan aka samu mitar lafiya lau, don haka rabin awa da buta kafin a rubuta takarda ba asara ba ce.

Ya kuma yi kewar tsohuwar mitarsa, ya ce ita ba ta taɓa cutarsa ba. Wataƙila haka ne, amma tsufa bai sa mita ta zama mai gaskiya. Mai faifai idan ƙafar da faifan ke juyawa a kai ta cinye ko datti ya shiga, tafiyarta na raguwa, musamman a ƙaramin kaya, ta riƙa rage wa mai gida. Idan kuma maganaɗisun da ke riƙe faifan ya yi rauni, sai ta yi gudu ta ƙara masa. Shi ya sa wasu gidajen ke ganin ƙari bayan canjin mita ba tare da wata hita a ɓoye ba: tsohuwar ce ta daɗe tana yi musu rangwame. A gidan Kawu lissafin ya rufe ba tare da an bukaci wannan bayanin ba.

Aka sauke bireka ta bakwai, aka kashe makunnin hitar na bango, mai gyaran famfo ya canja robar. Kawu ya ɗauko biro da farin salatif ya rubuta wa birekoki takwas ɗin suna da hannunsa, bayan mun gano ta shida soket ɗin ɗakin baƙi ce, ta takwas kuma babu waya a jikinta. Na bar masa aikin rubuta karatun mita kowace safiya. Bayan mako ɗaya ya kira ni ya karanto: yunit 65 a kwana bakwai, 9.3 a rana. Sai ya ce in dawo masa da na'urar soket ɗin nan ranar da na samu sarari, yana so a auna tsohon firjin, don robar ƙofarsa ta saki kuma ya lura ba ya hutawa.